Ranar da Na Roƙi Allah Ya Ɗauke Sabis

Har yau ban manta da wata Litinin ta cikin damina ba, ranar da za a rufe rajistar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Ku sababbin malamai da kuke jin ana ce mini Injiniya, ku sani ba digiri ne ya ba ni sunan ba. Malamin kwamfuta ne ni a makarantar nan ta ikilisiya a Kafanchan, sunan kuwa na same shi ne ranar da firinta ta ƙi aiki, na zare wayarta na sake sokawa ta tashi. Na karɓe shi hannu biyu, har a kasuwa ina amsawa.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Makaranta tana da kalmomin sirri da yawa: ta imel, ta shafin sakamako, ta shafin hukumar jarrabawa. Ni na kawo manhajar da ke tara su duka cikin fayil ɗaya mai kulle, muna ce masa akwati. Akwatin yana zaune a ma'ajiyar intanet, na'urori uku kuma suna jawo shi daga can: kwamfutar ofis, wayata, da wayar shugabar makaranta, Madam Rifkatu. In an canza kalma a ɗaya, sauran su ɗauka da zarar sun sami intanet. A taron malamai na miƙe na ce duk mai rubuta kalmar sirri a takarda, a zamanin jirgin Nuhu yake zaune. An yi dariya, na ji daɗi.

Sai tsohuwar ma'ajiyar ta cika da hotunan bikin yaye ɗalibai. Ran Juma'a na buɗe sabuwa a wani kamfani, na kwashe komai na mayar can. Na nuna wa kwamfutar ofis sabon wurin, na nuna wa wayata. Wayar Madam ko a raina ba ta zo ba. Litinin da safe na share tsohuwar ma'ajiya, na zubar da kwandon shararta, na rufe ta gaba ɗaya. Ina yi ina fito.

Ƙarfe goma na zauna in tura sunaye da hotunan yaranmu kusan hamsin. Ƙarfe huɗu za a rufe shafin, kuma wanda bai shiga ba sai baɗi. Na ɗauko kalma daga akwati na sa, shafin ya ƙi. Na sake, ya ƙi, ya kuma gargaɗe ni cewa in na yi kuskure na uku zai kulle mu. Buɗewa sai an rubuta takarda zuwa Kaduna, aikin kwanaki.

Mataimakin shugaba, Malam Bulus, yana tsaye a bayana.

"Injiniya, yaya dai? Fuskanka ya canza."

"Matsalarsu ce, Malam. Shafin nasu ba shi da kyau."

"Ko don Madam ya canza fasuwod ne? Ran Asabar sun aiko saƙo wai a canza. Ya ce mini akwatinka ya ajiye sabon."

Nan take na gane. Wayar Madam da tsohuwar ma'ajiya take magana, wadda na share da hannuna awa biyu da suka wuce. Ke nan sabuwar kalmar ba ta ko'ina a duniya sai cikin wayarta. Abin da ya fi muni, da zarar wayar ta sami intanet za ta ga an share akwati a can, ita ma ta share nata. Haka na saita ta, ina alfahari.

Madam tana Fadan Kagoma wajen taron zumuntar mata na kwana uku. Na kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Shigar ma ita ta ƙara tsorata ni, don alama ce akwai sabis. Na ari mashin ɗin Malam Bulus na kama hanya. Ni da kullum nake zagin kamfanonin waya, ranar nan ina tafe ina cewa, "Ubangiji, ka ɗauke sabis a ƙasar Kagoma, ko na awa ɗaya ne." An sha ruwa da asuba, na ce bari in yanke ta wata hanyar gona. A gefen wata gonar citta tayar baya ta zame, na kwanta cikin jan laka da farar rigata. Wani manomi ya taimake ni na ɗaga mashin, ya tambaye ni ko asibiti nake sauri. Na ce masa kusan haka.

Na iske majami'a cike da mata cikin anko, ganguna da tulun kiɗa suna tashi, Madam a gaba tana ba da waƙa. Wata tsohuwa ta tare ni a ƙofa.

"Ɗana, taron mata ne. Matarka ka zo nema?"

"A'a, Mama, wayar Madam Rifkatu nake nema."

Ta dube ni daga kai zuwa ƙafa, ta gyara riƙon jakarta. Ta ce in jira a gama waƙa. Ban taɓa sanin waƙar tana da baiti masu yawa haka ba.

Da Madam ta fito ta ga lakar jikina, sai ta dafe ƙirji.

"Istifanus, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Ma. Don Allah datar wayarki a kunne take?"

"Ina! Tun Asabar da na gama canza abin nan na kashe. Ka san ba na barinta a buɗe, shanyewa take yi a banza."

Sau uku na taɓa yi mata wa'azi a kan wannan ɗabi'a, cewa ta bar data a kunne don akwati ya riƙa daidaita kansa. Ta dubi fuskata, ta ɗauka fushi nake.

"To, yi haƙuri, bari in kunna maka."

Ihun "A'a!" da na yi, sai da masu ganga suka tsaya. Kawuna suka leƙo ta taga.

Na buɗe akwati a wayarta. Ga kalmar nan zaune, haruffa ashirin a cakuɗe. Na roƙi ta ba ni wayar in tafi da ita, ta ce mutumin da ya faɗi da mashin ba ta ba shi wayarta. Ta yago bayan takardar tsarin taro, ta miƙo mini da biro.

"Rubuta, Injiniya. Nuhu ba zai ji haushi ba."

Na rubuta, ita tana karantawa da tabarau, muna gardama a kan wani harafi ko sifiri ne ko O. Sai da muka bi shi sau uku.

Na dawo ta kan kwalta a hankali, na iso wajen biyu da rabi. Malam Bulus ya rufe ido yana addu'a, ni kuma na danna haruffan da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo. Shafin ya buɗe. Huɗu saura kwata sunan yaro na ƙarshe ya shiga. Ta taga ina hango yaran suna gardamar ƙwallo, ba wanda ya san shekara guda ta rayuwarsa ta yi yawo a aljihun wandona.

Ran Laraba Madam ta dawo, muka yi abin da ya kamata in yi tun Juma'a. Muka jera na'urorin uku a tebur ɗaya. Na fitar da akwatin wayarta kafin a kunna data, na haɗe shi da sabon yadda kalmar da aka canza daga baya za ta zauna, sannan na nuna wa wayar sabuwar ma'ajiya. Muka gwada da kalmar wasa: a canza a nan, a jira a gan ta a can, kowace na'ura bi da bi.

A taron malamai ta ce in yi bayani da bakina. Na gyara murya na ce an sami 'yar matsalar fasaha.

"Matsalar tana da suna?"

"Istifanus, Ma."

Aka yi dariya har Malam Bulus yana share hawaye.

Saboda haka ku da za ku gaje ni, in za ku sauya ma'ajiya, ku fara rubuta sunan kowace na'ura da mai riƙe da ita. Ku tambayi kowa abin da ya taɓa kwanan nan. Tsohon wuri kuma ku bar shi wata guda, ba ya cizo. Ni dai abin da na gane game da aikin nan shi ne, na'urorin ba su yi laifi ba ranar, duk abin da na umarce su shi suka yi. Mutum ɗaya ce a makarantar ta ƙi bin umarnina, kuma saboda ita yaran suka rubuta jarrabawa.