Ranar da Oga Bitrus Ya Maƙale a Tsakiyar Rafin Romi

Har gobe ba zan manta da ranar da Oga Bitrus ya maƙale a tsakiyar rafin Romi ba. Ku 'yan aji ɗaya da za ku fita koyon aiki bana, ku matso ku ji, don wallahi ni na ga abu.

A daminar tamanin da shida aka tura ni wani ƙaramin kamfanin safiyo da ke unguwar Television. Aikinmu awon wurin da za a yi gada. Mu uku ne a motar: Oga Bitrus babban safiyo, Malam Iro direba, sai ni ɗan koyo.

Oga yana da wata fatsa irin ta Turawa, doguwar sanda da kwarkwaron zare a gindinta. Ranar Lahadi in ya taso daga coci, kifi yake kamawa da ita. A wurin aiki kuwa da ita muke tsallakar da igiya: a ɗaura darma a bakin zare, a wurga ƙetaren rafi, wanda ke can ya jawo zaren, igiyar awo ta biyo. Matsalar ita ce in ka wurga, kwarkwaron yana juyawa da gudu. Darma ta faɗi, shi bai tsaya ba, sai zare ya cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya. Dole babban yatsanka ya riƙa shafar kwarkwaron, ka danne daidai lokacin da darma za ta sauka.

Ni fa duk wurgin da na yi sai ya cukurkuɗe. Oga ya ce, "Sani, kai yatsan naka na cin tuwo ne kawai?" Malam Iro har ya sa mini suna Sarkin Taliya.

Ranar da abin ya faru, ruwan iya gwiwa yake. Akwai wani tudun yashi a tsakiyar rafin. A ƙa'ida ɗan koyo ne ke shiga ya riƙe sandar awo, oga ya leƙa na'urar awo daga gaɓa. Sai Oga ya ce, "Yau kai za ka leƙa. In ba ka leƙa ba yaushe za ka iya?" Ya naɗe wando, ya ɗauki sanda, ya shiga.

Ina leƙawa ina rubutawa, ina jin kaina injiniya. Can sai na lura yashin da ke ƙafarsa yana raguwa, ruwan ya koma ja. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, ashe can saman rafin aka tafka ruwa. Kafin mu gama ihu, inda ya taka ya wuce ɗazu ya zama wani abu daban, har da rassan itace ke wucewa. Kuma Oga bai iya iyo ba.

Muna da igiya mai kauri a mota, amma wa zai kai masa? Malam Iro ya gwada jifa da hannu, ko rabi ba ta kai ba. Sai Oga ya ƙwala kira, "Sani! Ɗauko fatsa!"

O boy. Na ce, "Malam Iro, ko kai za ka wurga?" Ya ce, "Ni sitiyari na sani. Yi bismilla kawai."

Na tattara duk ƙarfina na maka. Firrr, sai ƙat! Darma ta faɗo gabana, zare ya zama taliya. Malam Iro ya zaro wuƙa zai yanke. Oga ya hango, ya yi ihu, "Kar ka yanke, ba zai iso ba! Sani, ja madaukan ɗaya-ɗaya, a hankali!"

Mutum ruwa ya kai masa ƙwauri, shi ke ce mini a hankali. Na durƙusa ina zare madaukai. Malam Iro yana ta salati a kaina. Da zaren ya warware na naɗe shi, na miƙe.

Oga ya ce, "Ba dambe ba ne! Bar sanda ta yi aikin! Yatsa, Sani, yatsa!"

Na saki kafaɗa, na lilo sandar a hankali, na saki. Ina jin kwarkwaron yana gudu a ƙarƙashin yatsana, har da ɗan zafi. Idona na kan darma. Da ta fara gangarowa bayan tudun, na danne. Zare ya kwanta sumul a gefen Oga, ya cafke.

Kai! Na yi tsalle har takalmina ya fita. Muka ɗaura igiya a zaren, ya jawo ta, ya ɗaura a ƙugu. Ɗaya bakin muka ɗaure a jikin mota, ni da Malam Iro muka riƙa ja. Sau ɗaya ruwa ya kwashe ƙafarsa, ya nutse ya taso, amma bai saki sandar awon ba. Ya fito yana tari, ya zauna a laka, ya ce, "Mun gode wa Ubangiji." Malam Iro ya ce, "Alhamdu lillahi." Sai Oga ya dube ni ya ce, "Ka rubuta awon ƙarshe kuwa?" Muka fashe da dariya har hawaye.

To, ga abin da na ɗauko daga aikin nan. In kuna bakin rafi da damina, kar ku dubi saman kanku kawai, ku dubi launin ruwa. Kuma duk abin da oga ya nace sai kun koya, ko kuna ganin wasa ne, ku koya da gaske. Mutanen nan sukan ba ɗan koyo gaɓa su shiga ruwa da kansu, kuma in rana ta ɓaci, kai ɗin da ake yi wa dariya ne kaɗai ke tsaye a gaɓar.