Mai Lamba Huɗu

Har yau, in wani ya buɗe man zafi a ɗakin da muke sauya kaya, sai in ganni tsaye a ƙofar ɗakin Ummata a unguwarmu ta Pantai Dalam. Abokan wasana su shafa abinsu a gwiwa suna ta surutu, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

A Kuala Lumpur na tashi. Baba ya zo karatun digiri na uku, daga baya jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa. Garin nan ba shi da sanyi ko na magani, daga zafi da gumi sai ruwan la'asar mai tsawa. To a nan ne fa na kamu da son hokin ƙanƙara, ka ji ikon Allah! Akwai wani katafaren mol, ginin kantuna, da aka yi wa filin ƙanƙara a tsakiyarsa. Makaranta ta kai mu sau ɗaya, shi ke nan aka kasa raba ni da wurin. Koci ya ga ina da jiki, ba na tsoron faɗuwa, sai ya sa ni a baya. Aikin ɗan baya tarewa ne: in aka harbo baƙar robar nan mai tauri kamar dutse, kai za ka sa jikinka kafin ta isa raga.

Ni ne ɗan fari, Umma kuma irin matan da can ce wajen kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini wasa a gaban mutane. A filin kuwa iyayen Malawa 'yan ƙasa da 'yan Caina ihu suke, kowace uwa tana ƙwala sunan ɗanta. Abin ya ci mini rai. Wata rana na ce da Baba da irin maganar yaran garin, "Kowa mamansa tana zuwa lah, ni kaɗai ne kamar maraya." Umma tana kicin, tana ji.

Ranar Asabar sai ga ta a filin tare da ƙanwata. Wai zanin gado ta zo dubawa. Ta zauna can ƙarshen benci cikin jaket ɗin Baba, hannuwa a cikin hijabi, fuska ta karkata wajen kantuna. Shekara da shekaru tana duba zanin gadon nan, ba ta taɓa saye ba. In magana ta kama, sai ta ce da ƙanwata, "Je ki gaya wa mai lamba huɗu ya ɗaure hularsa da kyau." Lambar rigata ke nan. Ni ko haushi nake ji, wai ta zo amma ba ta kallona.

Lahadi kuma ɗakinta a rufe yake wuni. Warin man zafi ya cika gidan, Baba yana ta dafa ruwa yana kai mata. Ba girki ran nan, sai ya yo mana tapau, wato ƙunshin abincin saye, roti mai kama da gurasa daga shagon mamak, Indiyawan nan Musulmi. Allah na tuba, murna nake da Lahadi saboda rotin nan. Wani lokaci har a kwantar da ita a asibiti. Na san tana da sikila, na san sunan ciwon kamar yadda na san sunan unguwarmu, amma ban taɓa haɗa shi da Asabar ba.

Sai ranar da wata ƙungiya a arewacin Turai ta ɗauke ni. Ina ta ɗoki, na ce wasana na farko da Umma za a yi, ni zan kai ta. Baba ya girgiza kai.

"Likita ya hana ta zaman sanyi tun kafin a haife ka," ya ce. "Na yi faɗan har na gaji. Cewa take ba za a kira ka maraya tana da rai ba."

Ni da ake yabo wai na iya sa jiki in tare, ashe da sulke nake yin nawa. Ita jaket ɗin aro gare ta.

Yanzu hoki ne sana'ata. Umma tana nan a Pantai Dalam, da sanda take tafiya, ƙugun ya lalace. Likitoci sun ce ciwon kan yi haka ko ba sanyi, ni dai zuciyata ba ta karɓa ba. Na taɓa neman gafararta ta waya, ta ce girki take, ta miƙa wa Baba.

Yaran 'yan Najeriya sun yi yawa a filin mol ɗin nan yanzu, iyayensu mata suna ihu da Turanci, ba mai jin kunyar kowa. Ita kuwa, in ji ƙanwata, in ana nuna wasanmu a waya sai ta zauna a gefe tana gyaran wake, wai ba kallo take ba. A wasan makon jiya roba ta same ni a haƙarƙari, na kwanta a kan ƙanƙara na ɗan jima. Da na koma ɗaki na tarar da saƙon ƙanwata: "Umma ta ce a gaya wa mai lamba huɗu ya daina daɗewa a kwance, wurin da sanyi."