Wurin da Aka Bar wa Auta

Mijin yayata, Allah ya ji ƙansa, shekara talatin da ɗaya ya yi yana karanta mitar wuta gida-gida, har sunansa ya ɓata, kowa Mai Mita yake ce masa. Ni ma haka nake kiransa. Shi kuma Injiniya yake ce mini, don ya san sarai ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Rediyo da fanka da talabijin nake gyarawa a wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku. Wasa ne irin na miji da ƙanin mata, mun fi shekara arba'in muna yi, kuma ba kullum yake ƙarewa a wasa ba.

Dogo ne siriri, biro a bayan kunne, tocila a aljihun gaba ko da rana tsaka, domin mita a lungu take zama, ƙarƙashin bene ko bayan ƙofa inda gizo-gizo ya yi gida. Kare ya cije shi sau biyu. Abokan aikinsa sukan sami inuwa su zauna, su cika takarda da lambobin da suka zo musu a ka, kafin azahar sun tashi. Shi kuwa in ya tarar da gida a kulle, sai ya bar layin gidan fari tas, ya dawo gobe, ya dawo jibi. Akwai gidan da ya yi wata bakwai yana komawa. Shugabansa ya yi faɗa har ya gaji, amsarsa guda ce: "Ban gani ba, me zan rubuta?" Na daɗe ina ɗaukar wannan hali taurin kai ne da aka sa wa rigar gaskiya, kuma har yau ban gama sauya ra'ayi ba.

'Ya'yansu huɗu, uku mata, sai Auta namiji. Auta ne ya shigo da injin gidan, yana da shekara ashirin da huɗu. Na hannu ya saya, irin wanda ke ɗaukar hoto ya zuba a faifan dibidi, da wata 'yar kyamara. Ya kwashe mako biyu yana ɗaukar tsofaffin hotunan albam ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. In katin kyamarar ya cika, sai ya jona ta da injin, ya bar kowane hoto a fuskar talabijin yana ƙirga goma, injin yana ɗauka, sannan ya goge katin ya ci gaba. A jere ya yi su, daga lokacin da yake jariri a cinyar uwarsa har ya zama mutum.

Daga nan ya ji labarin aikin gini a wata ƙasa. Safiyar tafiyarsa uban ya ɗauke shi hoto a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Auta ya koma ciki da takalmansa, ya ƙara hoton a faifan, ya zare kyamarar ya sa a jaka.

"Baba, kada ka bari kowa ya rufe faifan nan," in ji shi. "Akwai sauran wuri. In na dawo zan zuba hotunan can."

Sau huɗu ya kira a shekarar farko. Daga nan layin ya daina shiga. An tambayi duk wanda ya dawo daga wajen, an aika takardu, an bi duk hanyar da talaka zai iya bi. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. A shekara ta uku ruwa ya ɓalle ta silin, daidai kan kabad ɗin da albam yake. Kafin a lura shafukan sun manne sun zama dunƙule guda, in ka ɓamɓare sai fuskar mutum ta biyo yatsanka. Faifan nan ya zama shi ke nan abin da ya rage na Auta.

Ga yadda abin yake. Faifan da ba a rufe ba, injin da ya ɗauke shi kaɗai ke gane abin da ke ciki. Rufewar aikin 'yan mintoci ne: injin ya rubuta jerin abin da ya ɗauka, daga nan kowane inji zai iya karantawa. Amma fa ba za a sake ƙara ko hoto ɗaya ba.

Shekara goma sha ɗaya suna kunna shi kowace Lahadi da hantsi, Mai Mita da Yaya, a falonsu mai kujeru uku. Sai injin ya fara gardama. Daga ƙarshen faifan ya faro: hoton bakin ƙofa ya rinƙa tarwatsewa ƙanana-ƙananan murabba'i, ya daskare. Bayan wata biyu ba ya ma kai wa nan, yakan tsaya a hoton gama makaranta. Sannan ya koma tsayawa a Auta yana ɗan shekara goma sha biyar, sannan tara. Suna zaune suna kallo yaron yana komawa ƙarami a hannunsu.

Ranar da Mai Mita ya kawo mini injin, a tawul ya naɗo shi, faifan kuma a aljihun gaba, inda tocila take zama.

"Injiniya, yau za mu ga ko sunan nan na banza nake ba ka."

Na kwance murfin, na goge idon injin da auduga da sifirit. Na goge faifan daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Na sauya bel ɗin da ya saki. Na ɗan murɗa wani ƙaramin abu da ke ƙara wa idon ƙarfi, ya yi mako biyu yana kai wa shekara goma sha biyar, sannan ya koma gidan jiya. Na gwada faifan a inji biyar da ke shagona, babu wanda ya ko gaishe shi. Muka kai wa maƙwabcina mai kwamfuta, kwamfutar ta juya shi ta juya, ta ce babu komai a ciki. Mai Mita ya miƙa hannu ya karɓi abinsa, bai sake yarda an sa shi a kwamfuta ba. Na bi masu sayar da tsofaffin kaya har na samo irin injin sak, ashe idonsa ya riga ya mutu. Na kafa wayata a gaban talabijin na ɗauka, na sami yaro har shekara tara da layuka suna gudu a fuskarsa.

Da dabarata ta ƙare na zaunar da shi a kan bencin shago.

"Idon injin nan ya tsufa, Mai Mita. Duk kunnawar da kuke yi ƙara kashe shi take. Hotunan suna nan a faifan, gani ne ba ya yi. Sabon inji zai gan su, amma sai an rufe. Kuma wannan tsohon ne kaɗai zai iya rufewa, tun yana da sauran numfashi."

"In an rufe, ana iya buɗewa daga baya?"

"Ba a iyawa."

"To yaron ya ce kada a rufe."

"In ya dawo sai mu sayo masa sabon faifai. Kwali guda ma."

"Wannan ya ce."

Na yi lallashi, na yi misali, na zana masa a bayan kwali. Ya yi kunnen uwar shegu da ni yana naɗe tawul. Nan zuciya ta ɗebe ni, na ce masa, "Shekara nawa yanzu? Mai rai yana kira, Mai Mita. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a duk dangi."

Ya ɗauki injinsa ya rungume a ƙirji ya fita, ya tsaya a bakin titi yana jiran mota, bayansa a miƙe. Wata huɗu bai yi mini magana ba. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta kamar mai jifa, kuma ba shi kaɗai dutsen ya sama ba.

Domin a cikin watannin nan ne ciwon suga ya gama da idon Yaya na hagu, ya kama na dama. Ni ban san ya yi nisa haka ba, tunda na ɗauke ƙafa daga gidan ina jiran a ba ni haƙuri. Da labari ya iso ni na je. Na same ta a falo tana laluben kofi a kan tebur, shi yana kujerarsa ya buɗe jarida tsakanina da shi. Muka gaisa da ita. Can ta juya wajen da take jin motsin jaridar.

"Malam, in tambaye ka mana. Tabon nan na girar Auta, a dama yake ko a hagu? Tun jiya nake nema a raina, ya ƙi tsayawa."

Ya sauke jaridar. Wani mijin da sai ya ce dama ko hagu, a wuce wurin, wa zai ƙaryata shi? Shi kuwa ya daɗe yana kallon injin da ke ƙarƙashin talabijin, sannan ya ce, "Sai na duba."

Ka ce washegari zai neme ni. Sai da ya ƙara mako biyar. Me yake jira, Allah ne masani. Wata safiya na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar shago, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Injiniya, ka zo gida da sabon injinka."

Na je da hantsi, da sabon inji da batir da inbata, kada wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki. Na gaya masa gaskiya cewa idon tsohon injin ya yi rauni sosai, yana iya kasawa a hanya ya lalata faifan gaba ɗaya. Ya ce ya ji. Na ɗauki rimot, ya miƙo hannu.

"Nuna mini inda zan danna."

Na nuna masa. Injin ya tambaya ko an tabbata. Ya sa tabarau ya karanta tambayar har ƙarshe, ya danna.

Wani ɗan layi ya fito a talabijin ya fara cika a hankali. Injin yana gurnani, yana ƙas-ƙas. Da layin ya kai rabi ya tsaya cak. Ni da na yi shekara arba'in ina jin kukan inji, gumi ya jiƙa mini riga. Yaya tana ta tambaya me ake ciki. Sannan layin ya motsa. Minti goma sha ɗaya aka yi, tiren da faifan yake kai ya fito da kansa.

Na sa faifan a sabon inji. Ya kama nan take. Ga jariri a cinya, ga ɗan yaro da keke mai ƙafa uku, ga shekara tara. Ya wuce tara ko gezau. Ya wuce goma sha biyar, ya wuce gama makaranta, har bakin ƙofa. Na tsayar da shi a nan. Hoton ya fito tas, har zaren da ya zazzago a hannun jakar ana gani.

Na ja wa Yaya ƙaramar kujera har gaban talabijin, na zaunar da ita, hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ya zo?" ta ce.

"Ga shi nan, Yaya, a gabanki."

Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta matsa baya, ta dawo.

"Haske nake gani, da wani abu baƙi a tsakiya. Jakar ce?"

Fuskarsa ce. Na kasa faɗa mata. Wata shida da suka wuce da ta gan shi, ko da dishi-dishi. Na ji haushin Mai Mita a lokacin kamar in kama shi in girgiza, na kuma ji haushin kaina fiye da nasa, domin huɗu daga cikin watannin nan bakina ne ya cinye su.

Ya taso ya durƙusa kusa da ita, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya sa fuskarsa dab da gilashin yadda yake yi wa mita a lungu.

"Hagu ne," in ji shi. "Girar hagu, wajen ƙarshe."

"Hagu," ta maimaita.

"Rigarsa shuɗiya ce. Wuyanta ya lanƙwashe ta gefe ɗaya."

"Kullum haka yake fita, sai na gyara masa." Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin, ya sauka a kan ƙofar da ke hoton, shi kuma ya kama hannun ya matsar da shi. "Yana dariya?"

Ya sake dubawa da kyau kafin ya amsa.

"Ba ya yi. Hanya yake kallo."

A ranar na kwafi faifan guda huɗu, kowace 'ya ɗaya, ɗaya na gida. Yaya takan sa a kunna mata ta zauna kusa, ta ce tana jin ɗumin talabijin. Shi kam bai sake kallo ba har ya rasu bara. In an kunna sai ya ɗauki kujerarsa ya koma bakin ƙofa.

Amma ranar nan, da nake haɗa kayana, na ga ya ɗauki faifan na asali ya je bakin taga ya juya bayansa ga haske. In ka duba bayan irin wannan faifai, inda aka ɗauka ya fi duhu, inda ba a taɓa ba ya fi haske. Wani zobe mai haske ya rage a bakinsa, faɗin ɗan yatsa.

"Injiniya, wannan da ya rage, minti nawa ne?"

"Zai kai arba'in."

Ya zaro biro daga bayan kunne, ya yi ɗan rubutu a tafin hannunsa, ya duba.

"Hoto ɗari biyu da arba'in," in ji shi. Ya mayar da faifan cikin kwalinsa a hankali, ya rufe. "Da ya ishe shi."