Sanƙon Hassan da Sumar Usaini

Har yau ban manta da ranar Talatar da aka kawo mini tagwaye ɗakin ɗaukar hoto ba. Lokacin ina wata na uku a wani ƙaramin kamfanin talla a Titin Ibrahim Taiwo, ba a ma tabbatar da ni a aikin ba. A tsarinmu, mai kaya ya faɗi abin da yake so, manaja ya amince, ni in ɗauki hoto, sannan a kai wa masu buga allo.

Mai kayan ranar shi ne Alhaji Ɗanlami, ɗan kasuwar Sabon Gari, da wani man gashi da ya ce yana tsirar da suma cikin sati biyu. Irin tallan nan yake so mai hoto biyu, kafin a shafa da bayan an shafa. Sai ga shi da Hassan da Usaini, teloli daga Rijiyar Lemo, kamarsu ɗaya har wushirya. Hassan ya cire hula, kai tal kamar tangaran. Usaini ya cire tasa, suma cunkus.

"Ga kafin, ga bayan," in ji Alhaji. "Aiki ya ƙare."

Dariya ta kama ni har na zauna a kan akwatin fitila. Tagwayen ma suna ta ƙyaƙyatawa, Usaini yana shafa kan ɗan'uwansa yana yi masa jaje. Da na samu numfashi na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ba zan ɗauka ba. Wani zai sayi man nan ne don ya yarda da hoton da na ɗauka."

Oga Bashir, manajanmu, ya ja ni gefe. "Nasiru, ka san saura sati biyu a yanke hukunci a kanka?"

Na sani kuwa, ga shi an sa mini ranar aure. Amma dariyar ta ƙi sakina. Na juya na tambayi Alhaji ko shi yana shafawa. Ya ce shekara biyu ke nan. Zafin fitilu ya sa shi gumi, ya ɗaga hula zai goge goshi. Nan muka ga nasa ya fi na Hassan sheƙi.

Oga ya fice, wai ana kiran sa a waya, muna jiyo shi a baranda yana tuntsirewa. Alhaji ya kwashe kwalabensa ya tafi ko sallama babu. Washegari na karɓi takardar gargaɗi.

Bayan kwana goma Alhaji ya dawo. Ashe ya je wani wurin, mai hoton can ya ce masa rabin Fagge a wurin tagwayen suke ɗinki, kowa zai gane su.

"To, Malam Nasiru, me za ka yarda ka ɗauka?"

Man yana da ƙamshi, yana kuma sa gashi laushi, Usaini ya gwada ya tabbatar. Muka tsayar da su biyun tare, babu hula. Hassan da kansa ya kawo rubutun: "Mai gashi ya shafa. Irinmu mu sayi hula."

Da allon ya hau, masu adaidaita sahu har rage gudu suke yi su karanta. Man ya shiga kasuwa, ni kuma aka tabbatar da ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, yawancin masu kaya ba mugaye ba ne, tsoro suke kada gaskiyar kayansu ta kasa sayar da shi. Aikinmu mu nemo musu gaskiyar da za ta sayar. In an duba babu, ku ajiye kyamara.