Shekarar Da Baba Ya Yi Goyo

Ranar wata Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, cikin kakar shekarar da nake aji huɗu na firamare a Ƙaura Namoda. Na fito da jakar buhu a kafaɗa zan tafi makaranta, sai na tarar da Baba a ƙofar gida yana shanya gero a tabarma, ƙanwata Hindatu na ɗaure a bayansa da zanen marigayiya Innarmu. Ɗaurin bai yi daidai ba, ƙafarta ɗaya ta zazzago tana lilo. A daidai lokacin wata motar 'yan kasuwa ta zo wucewa, direban ya rage gudu, ya leƙo yana dariya ya ce, "Mamman, yau ma ba ka tahiya? Goyo ya hana?" Baba ya ɗaga masa hannu kawai, ya ci gaba da baza geronsa. Yaran unguwarmu uku suna tsaye suna jirana, kuma duk sun ji. Kafin mu kai makaranta na sami sabon suna, ɗan mai goyo.

Baba direba ne, ya daɗe yana jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Innarmu ta rasu ana gab da shuka, Hindatu ba ta daɗe da yaye ba. Bayan sadakar bakwai dangin Inna suka ce za su tafi da yarinyar Dauran, kamar yadda aka saba. Baba ya ƙi. Ya ce marigayiya ta roƙe shi kada ya bari a raba mu, kuma ya amsa mata. Aka ce to ya yi aure, ya ce ba yanzu ba. Ya mayar wa mai mota makullinsa, ya koma 'yar gonarmu ta hanyar Ɗan Isa, da facin taya a ƙofar gida.

Haka mutumin da bai taɓa hura murhu ba ya shiga koyon girki. Tuwon dawarsa na farko gudaji ne zalla, miyar kukar kuwa kamar ruwan wanki, amma muka ci. A hankali hannunsa ya faɗa. Da sassafe zai dama kunun tsamiya, ya yi wa Hindatu wanka a baho, ya shafe ta da mai, ya wanke tsummokaranta ya shanya a kan danga. Kitso ne kaɗai ya gagare shi, sai ya kai ta wurin wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ya tsaya daga zaure yana jin kukanta yana cewa, "A yi mata a hankali, Iya." Da damina yakan shimfiɗa mata buhu a gindin wata bishiyar bedi a gona, ya yi noman kunya biyu ya waiwayo, ya yi biyu ya waiwayo. Idan ta yi rigima ya goya ta ya sunkuya da fartanya, kanta na gyaɗawa a bayansa har barci ya ɗauke ta. Wani lokaci nakan gan shi ya tsaya cak idan ya ji ƙarar babbar mota a titi, ya bi ta da ido har ta ɓace.

Ni kuwa duk wannan bai dame ni ba, sunan da aka laƙaba mini ne ya tsaya mini a rai. A filin langa, a wurin ƙwallon tsumma, har a makarantar allo, da an ga na fara cin wasa sai wani ya kama tafiyar mai goyo yana jijjiga baya, a fashe da dariya. Na yi dambe har sau uku. Na fara bin bayan gari in zan koma gida, don kada a gan ni tare da shi.

Wata Asabar da la'asar Baba ya sauke kunu, ya ce mini, "Sanusi, ɗora kwanon nan bisa randa ya huce, ka kula da ƙanwarka in yi salla in dawo." Yana fita na ji ihun 'yan langa a waje. Na dire kwanon a ƙasa, na ce yanzu zan dawo. Ban ko gama zagaye ɗaya ba na ji ƙarar da har yau ban manta ba. Hindatu ta tsoma hannunta na dama cikin kunun. Baba ya fito daga masallaci ba takalmi, ya sungume ta sai asibiti. Da suka dawo hannun naɗe da bandeji, na rakuɓe a bayan rumbu ina jiran duka. Ya dube ni, ya dubi kwanon da ke ƙasa, ya ce in zo in ci abinci.

Bayan kwana uku Inna Rabi, yayar mahaifiyarmu, ta iso daga Dauran, labari ya kai mata. Ta kira ni gabanta, Baba na zaune gefe da Hindatu a cinya.

"Sanusi, hwaɗa min gaskiya. Ina ubanka yake sa'ad da ɗiyar ga ta ƙone?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ya fita ya bar ta ita kaɗai."

Ba tsoron duka kaɗai ya sa na faɗi haka ba. Na san abin da maganar za ta jawo, kuma ina so ta jawo shi. Inna Rabi ta juya ga Baba ta ce, "Ka ji ko, Malam Mamman? Reno ba aikin namiji ba ne." Na jira ya ƙaryata ni. Ya daɗe yana shafa kan Hindatu, sannan ya ce, "Sakacina ne, Yaya."

Washegari shi da kansa ya haɗa kayanta a ƙullin zane. Har tasha yana bin Inna Rabi da bayani: ba ta shan kunu sai da tsamiya, tana tsoron zakara, in za ta yi barci sai ta kama kunnen mutum, a bar ta ta kama. Da motar ta tashi Hindatu ta miƙo hannun nan mai bandeji ta taga tana kiran Baba. Ya tsaya a wurin har 'yan kamasho suka fara kallonsa.

Bai yi wata guda ba ya koma tuƙi, tsokanar kuma ta mutu. Na sami abin da nake so. Ya zaɓi hanyar Zurmi don ya riƙa tsayawa Dauran, yana kai wa Hindatu ƙuli-ƙuli da 'yan kunne. Da farko takan rugo ta maƙale masa. Kafin shekara ta zagayo ta fara ɓuya a bayan Inna Rabi. Mijin Inna Rabi take kira Baba, shi kuma namu ta sa masa Mai Mota. Ranar da ya fara jin sunan na raka shi, ya yi dariya tare da kowa, amma da muka kamo hanyar gida bai ɗauke idonsa daga titi ba har Ƙaura.

Sai da na yi aure, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, sannan na iya buɗe baki. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na ajiye kwanon nan a ƙasa." Ya ce, "Na sani tun ranar." Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce, "Kai ma uwa ka rasa, Sanusi. In na ce kai ne, kowa zai riƙa nuna ka da hannun ƙanwarka. Alkawarin uwarku kuwa, ni da ita ne, Allah ya ga iyakar ƙoƙarina." Ya ce ya yafe. Bayan damina biyu ya rasu.

Yanzu matata malamar makaranta ce, ni kuma shagon ɗinkina a zauren gida yake, don haka 'yarmu 'yar shekara biyu a hannuna take wuni. Nakan saɓa ta a kafaɗa in shiga kasuwa sayen zare, wasu su yi murmushi, wasu ma su ce sannu da ƙoƙari. Baba ko wannan sannun bai samu ba, ko daga ɗansa. Hindatu na aure a Zurmi da 'ya'ya huɗu, ba ta tuna komai na wancan zamani, sai abin da nake ba ta labari. Duk sanda na je takan ce in ƙara mata, sai in ga labarin ya ƙare da wuri. Ni na gajarta shi.