Tsofaffin Mahasin a Hawa na Huɗu

Mahasin Bakri ba ta taɓa nufin buɗe gidan kula da tsofaffi ba. Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Mai Wurno, jikar mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka suka yada zango a hanya. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin jinya a wani asibiti a Omdurman. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, ta fito da jaka ɗaya da mahaifiyarta a keken guragu, takardun aikinta kuwa suka ƙone tare da gidan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba.

A Alƙahira ta samu ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu a unguwar Arba wa Nus, inda lungu ke da ƙunci har rana ba ta sauka ƙasa sai da azahar. Tsohuwarta ba ta cika wata biyar a nan ba ta rasu. Gadon ya zauna babu kowa.

Wata safiya wani magidanci ya hauro mata da uwarsa a goye. Haboba Amna ake ce mata, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye.

"Gwaggo Mahasin, Libiya zan shiga neman aiki," in ji shi. "Sati uku kacal, na dawo na ɗauke ta."

Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan ita sai limamin masallacin unguwa ya kawo Baba Tijjani, tsohon tela daga Gadarif, wanda aka tsinta yana yawo ba takalmi. Ruɗin tsufa ya share masa Larabcin da ya yi shekara saba'in yana yi, ya bar masa Hausar yarinta kawai. Kafin shekara ta zagayo, tsofaffi biyar ke kwance a gidan.

Ita kaɗai ke yin komai. Ta juya marasa motsi don kada kwanciya ta cinye musu baya, ta dama kunu, ta tuƙa tuwon asida mai laushi, ta wanke zannuwa ta shanya a kan rufi. Matan unguwa kan aiko da wake ko burodi. Baba Tijjani ba ya karɓar loma daga hannun kowa sai nata, kuma Inna yake kiranta.

Ranar da Haboba Amna ta cika, sai da aka kira likita don a samu takardar binnewa. Likitan ya duba gawar, ya dubi sauran gadajen, ya yi 'yan tambayoyi, ya yi rubutu. Bayan kwana goma aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Jami'ar bincike ce daga ofishin da ke kula da irin waɗannan gidaje, Madam Eman, tana haki saboda matakala, ga wani mutum a bayanta riƙe da magwaji.

"Ina lasisinki, ya hajja?"

"Gidana ne, Madam. Ba ma'aikata ba ce."

"Waɗannan danginki ne?"

Da Mahasin ta ce e, ƙila da maganar ta tsaya nan. Amma ta ce, "A'a. Ba su da kowa ne."

Madam Eman ba muguwa ba ce. Da kanta ta ɗaga rigar Baba Tijjani ta duba bayansa, ba ta ga gyambo ko ɗaya ba. Ta shinshina katifu, ta leƙa banɗaki. Sannan ta zauna ta karanto abin da ake bukata: na'urar hawa bene ko kuwa gida a ƙasa, ƙofa ta biyu saboda gobara, likita mai zuwa a kai a kai, ma'aikaciyar jinya mai takardar shaida, da tazara tsakanin gado da gado.

"Ni ma'aikaciyar jinya ce," in ji Mahasin.

"Ina takardar?"

"Ta ƙone."

"Ma'alish, sai haƙuri. To, faɗa mini, in tukunyar gas ɗin can ta kama da wuta, wa za ki fara saukewa? Sauran ukun fa?"

Tambayar da Mahasin ta sha yi wa kanta ke nan, ba ta taɓa samun amsa ba.

Aka ba ta wata ɗaya. Ta shiga bas ta fita bas, daga tagar wannan ofis a tura ta waccan. Duk inda ta miƙa katinta na 'yan gudun hijira sai a juya shi a mayar mata, a ce da wannan ba a buɗe mata fayil. Ta samu wani gida a ƙasa, mai gidan ya ji tsofaffi ne marasa lafiya ya ce an riga an kama. Shi ma nata mai gidan, da ya ji hukuma ta shigo, ya ce ta kwashe kayanta, ba ya son fitina.

Haka aka raba su. Mata biyu wasu iyalai 'yan Sudan suka karɓa, kowace a kan tabarma a falo. Ɗaya aka kwantar asibiti. Baba Tijjani kuwa Madam Eman ce ta yi ta buga waya har ta samo masa gado a wani gidan tsofaffi na sadaka a bayan gari, mai lasisi, mai tsabta, farin fenti ko'ina.

Juma'ar farko da Mahasin ta je, ta tarar leɓɓansa sun tsage. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce tun safe yake maimaita wata kalma, ba su gane ba. Ruwa yake cewa. Mahasin ta nemi takarda ta rubuta da haruffan Larabci: ruwa, fitsari, sanyi, ciwo, kowace da ma'anarta, ta manna a saman gadonsa. Yarinyar ta yi godiya, ta kuma yi ƙoƙari, amma mutum ashirin take dubawa, shi kuma yana kawar da kai daga cokali. A mako na bakwai Mahasin ta zo ta tarar da wani a gadon. An binne shi tun Talata. Lambar wayarta ba ta cikin fayil ɗinsa, tunda ita ba danginsa ba ce.

Yanzu tana aikin kwana a unguwar Madinat Nasr, tana jinyar wata tsohuwa Bamisira, ranar Juma'a ta dawo ɗakin da take rabawa da mata uku. Kwanakin baya wata budurwa ta tare ta a bakin kasuwa, ta ce kakarta ta daina tashi, ita kuma aiki take fita, an ce mata Gwaggo Mahasin na karɓar tsofaffi.

"Na daina, 'yata," in ji ta. "Halas, an gama."

Ta tsaya dai ta nuna mata yadda ake juya mai jinya da zani ba tare da an ji masa ciwo ba, ta ce ta riƙa shafa wa kakar mai a duga-dugai da ƙugu. Sannan ta ɗauki ledar tumatirinta ta wuce.