Ogan da ba ya son 'yan sanda

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Orozo ina zuwa aiki Garki, wata baƙar jif ta daki motata ta baya a cunkoson safe. Da na fito sai na ga bayan motar ya lotse, but ya ƙi rufuwa, fitilu sun tarwatse a kan titi. Tsohuwar mota ce, amma da ita nake kai mahaifiyata wankin ƙoda duk mako, kuma ba ni da halin gyara ta, balle sayen wata.

Jif ɗin ba ta da lamba, gilasanta baƙi wuluk. Direban ya sauko yana haɗa hannu, yana Hausar nan ta 'yan koyo. "Madam, sorry. Abeg kar ka kira police. Oga ba ya son police. Oga zai biya, duka zai biya."

Mutane suka taru. Wani dattijo ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "'Yata, kin ga motar nan ba lamba. Ki bi a hankali." Na karɓi lambar wayar direban, ya ja jif ɗinsa ya tafi. Ni da nake cika baki a ofis kan sanin haƙƙi, ko hoto ɗaya ban iya ɗauka ba.

Washegari na je kamfanin inshora. Tambayar farko da suka yi min ita ce ina rahoton 'yan sanda, kuma a nan maganar ta ƙare. Yayana ya ce in bar wa Allah, irin waɗannan mutane ba a ja da su. Na so in haƙura. Sai ranar asibiti ta zo, na ga mahaifiyata bayan wankin ƙoda tana jiri a bakin titi, mun tsaya cikin rana muna jiran tasi. Tun daga ranar na dinga kiran direban nan ba ƙaƙƙautawa, har wata safiya ya ɗauka.

"Oga ya ce ka zo gida. Kai kaɗai, kar ka zo da kowa."

Mace ni kaɗai, gidan mutumin da ban sani ba, wanda ko lamba ba ya sa wa motarsa. Na tura wa ƙawata kwatancen gidan, na ce idan aka kira la'asar ba ta ji ni ba ta nemi yayana. Duk addu'ar da na haddace sai da na karanta ta a hanya.

A bakin ƙofa wasu masu bindiga suka karɓe wayata. Aka kai ni wani falo mai sanyi kamar firji, amma ni gumi nake yi. Ina zaune ina hasko ƙaton mutum mai jajayen idanu, ina lissafin taku nawa ne zuwa ƙofa idan ta kama in gudu. Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya ta shigo, da farin mayafi da carbi a hannu. Direban ya durƙusa ya ce, "Oga, ga shi ya zo."

Ashe oga mace ce! Direban da tun ranar farko yake ce min "ka" kamar namiji, ni kuma na ɗauki "ya ce" ɗinsa da gaske. Saura kaɗan in yi dariya don sauƙin da na ji. Na gaishe ta har ƙasa.

Ta ƙare min kallo ta ce, "Kin kai ƙara?"

"A'a, Hajiya."

"Kin ɗauki hoto?"

"Ban ɗauka ba."

Ta yi murmushi, tana jan carbinta. "Kin taimaki kanki. Da kin kai maganar nan wani wuri, da yanzu ke ce mai laifi, motarki ce ta ja da baya ta buge tawa. Za a je a ɗauko motarki a gyara miki." Har na miƙe ina godiya, sai ta ƙara da cewa, "Idan an tambaye ki, ina kika je yau?"

Na ce, "Ban je ko'ina ba, Hajiya."

Tsoron da na ji a lokacin ya fi wanda na shigo da shi, don ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba.

An gyara motar tsaf, har fenti aka sake mata. Mahaifiyata ta tambaye ni wa ya yi wannan aiki, na ce wata baiwar Allah ce.

Mutane suna ce min na yi sa'a, kuma gaskiya ne. Amma na san ba haƙƙina na karɓo ba, kyauta aka yi min, kuma da ta ga dama ta hana, babu inda zan je in ce an zalunce ni. Yanzu ko keke ya goge min mota sai na ɗauki hoto na kai rahoto, komai ɓata lokacin. Mahaifiyata kuwa har gobe tana sa baiwar Allahn nan a addu'a bayan salla. Nakan ce amin, amma ba har zuciya ba.